Ranar Biki a Firamare: Ina Rubutunmu Yake?



Duk ƙarshen zangon karatu na uku, makarantun firamare na Kakuri, Makera, Barnawa, Narayi da Sabon Tasha sukan cika da rumfuna da kiɗa. Ranar ba da kyaututtuka ce. A ɗora ɗan aji biyu kan dandamali ya rattabo waƙar Turanci da ya haddace kamar aku, iyaye su tafa su yi liƙi, a raba shinkafa a watse. Ka tambaye shi ma'anar baiti ɗaya, sai ya sunkuyar da kai. A ganinmu, an ɓarnatar da ranar da yaro ya fi ɗoki a shekara.

Abin da yaro ya taɓa da hannunsa ba ya mantawa. Wanda ya ƙera motar kara ya san awo kafin a ce masa ga darasin lissafi. Wadda ta mulmula yumɓu ta gina 'yar tukunya ta san dalilin da ya sa ake shanyawa kafin a gasa. Kayan aikin kuwa ba tsada: kwali, karan dawa, ƙyallayen da teloli ke zubarwa. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, kuma kakannin yara da dama a nan suka ci abinci har ta durƙushe. A ba yaro kwali da zare ya saƙa ɗan ƙyalle, a sa shi ya tambayo kakansa labarin masaƙa, an haɗa masa ƙirga da tarihin unguwarsu a zama ɗaya.

Ga wani abin da ya fi wannan nauyi. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogi ya zama iyaka a Kaduna, kowa ya koma inda nasa suke. Amma a kudancin kogin har yanzu akwai ajin da ɗan Bahaushe, ɗan Gbagyi, ɗan Bajju da ɗan Ibo suke zaune a benci ɗaya, kuma da Hausa suke wasa lokacin tara. Idan suka shirya wasan tashe tare da azumi, suka ƙawata aji tare gab da Kirsimeti, da wuya gobe wani ya zuga su a kan juna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wasu za su ce iyaye Turanci suke biya wa kuɗin makaranta. Gaskiya ne, ba mu ce a jefar da shi ba. Amma malamar da ke son shirya wasa da Hausa, a wane littafi za ta samu? Nan ne aikinmu yake. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce don 'yan makaranta, kuma hakan bai rage masa daraja ba.

Don haka ga ƙalubalen mako: kowa ya rubuto wasan kwaikwayo na minti biyar, 'yan wasa kada su wuce shida, kayan wasa waɗanda yara za su haɗa da kansu. Mu tace, mu miƙa wa malamai kyauta kafin Ranar Yara, 27 ga Mayu. Mai karanta littafinmu na gobe yana aji uku yau.

Allah Ya yi mana jagora.