Babban pampon luwul: magani ko rufa-rufa?

A tasoshin mota na Madawa da Buza da Keita, akwai wata magana da ke yawo tsakanin direbobi da masu gyara: wai idan jar fitilar luwul ta fara ƙyaftawa, magani shi ne a ɗaura wa injin babban pampo irin na motocin tsere. Hujjarsu mai sauƙi ce: abin da ya riƙe mota mai tsananin gudu, ai zai riƙe ƙaramar Hilux mai dakon albasa. Maganar da daɗin ji take, amma ya kamata a auna ta kafin wani ya yi asarar jarinsa.

Da farko, mene ne aikin pampon? Yana zuƙo luwul daga ƙasan injin, ya tura shi cikin ƴan hanyoyi zuwa duk inda ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe. Tsakanin sandar da ke juya injin da mazauninta akwai rata wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma luwul ɗin da ke cikin wannan rata ne ke hana ƙarafan haɗuwa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, pampo yawan luwul kawai yake turawa. Ƙuncin hanyar ne ke haifar da matsi. Manomin fadamar Tarka ya san wannan sarai: idan ya toshe bakin tiyo da yatsa, ruwa ya yi tsiri da ƙarfi, idan kuwa tiyon ya tsattsage, ruwan ya tsiyaye a hanya komai ƙarfin injin ban ruwa.

To, me ya sa injin tsere yake son babban pampo? Dattawan direbobi suna tune da tseren Paris-Dakar, wanda ya riƙa ratsa ƙasar Nijar ta Agadas a shekarun 1980, da motocin Peugeot da suka lashe shi daga 1987 zuwa 1990. Masu haɗa injinan tsere sukan buɗe ratar da gangan, su ƙara na'urar sanyaya luwul, su sa ƴan bututu masu fesa shi ƙarƙashin fistan, ga kuma turbo mai shan nasa rabo. Ƙofofin fita sun yi yawa, dole a ƙara abin da ake turowa. Babban pampo yakan tura kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari fiye da na asali, kuma a irin wannan injin babu ɗigon da ke tafiya a banza.

Injin da aka bari yadda kamfani ya ƙera shi ba ya bukatar wannan ƙari. A jikin pampo akwai wata ƴar ƙofa mai sifirin da ke buɗewa idan matsi ya wuce kima, ta mayar da rarar inda ta fito. Saboda haka luwul ɗin da aka ƙara zagaye kawai yake yi: yana cin ƙarfin injin, yana ƙara zafi, yana iya yin kumfa, haƙoran da ke juya pampon kuma suna shan wahala. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga hawan duwatsun Adar da kaya niƙi-niƙi, ƙarin zafi shi ne abin da injin ya fi tsoro. Abincin wani, gubar wani.

Saura tsohon injin, wanda shi ne ainihin abin da ke damun direban hanyar Madawa zuwa Keita. Ƙurar hunturu da ta hanya tana shiga ta matatar iska da ta huje, ta gauraya da luwul, ta zama tamkar dutsen wasa wuƙa. Sannu a hankali ratar ta buɗe, matsi ya faɗi, fitila ta fara ƙyaftawa da zarar injin ya yi zafi a tsaye. Idan aka ɗaura babban pampo, fitilar tana iya mutuwa, amma cin da ƙarfe ya yi yana nan, yana ma ci gaba. An rufe bakin mai shela ne kawai. Ranar da injin zai buga, sau da yawa a tsakiyar daji ne, da albasa tana ruɓewa a rana da fasinjoji a gindin ƙaya.

Mai gyara na ƙwarai ba ya fara da sayen pampo. Agogon awon matsi yake ɗaurawa, ya auna bayan injin ya yi zafi. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe suna bi ita ce kusan bar 0,7 ga kowane juyi 1.000 a minti, sannan a duba littafin kamfanin. Idan awo ya yi daidai, wataƙila maɓallin fitilar ne ya lalace. Idan ya gaza, a duba rariyar da ke bakin pampo ko ta toshe, a auna sandar da mazauninta, a kai ta wurin fiƙa idan ta ci. Bayan haka sai luwul mai kaurin da ya dace da zafin ƙasar, irin su 15W40 ko 20W50, da canza shi a kan kari tare da matatarsa.

Wannan hanya ta fi tsada a ranar farko, amma ita ke riƙe mota shekaru. Babban pampo a bar wa injin da aka gina dominsa. Ga motar da iyali ke ci daga gare ta kuwa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.