Ɗan Riƙon Da Ya Tona Asirin Mariƙinsa A Duwatsun Jos

Mai wucewa ta Gada Biyu cikin hayaniyar motoci ba zai zaci duwatsun da ke kewaye da Jos sun ɓoye wa masana wata tsuntsuwa har zuwa 1998 ba. A shekarar ne Shehun Malami Robert Payne na Jami'ar Mishigan ta Amurka ya bayyana wa duniya wata irin baiwar Allah mai jan baya, mazauniyar duwatsu.

Wani ɗan baƙin tsuntsu ne, dangin zalaidu, ya tona asirinta. Shi ba ya yin sheƙa. Macen takan saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah, ɗan ya tashi a hannun mariƙa, ya koyi kukansu. Da aka ji na Jos yana kwaikwayon kukan da ba a san mai shi ba, sai aka bi sawu.

Irin waɗannan baƙaƙen tsuntsaye jinsi goma ne a Afirka, kusan kowanne da nasa mariƙi. Shin tun fil azal kowa ya taso tare da mariƙinsa? Ido ba zai raba wannan gardama ba, don kuwa sun yi kama da juna ainun. Sai aka koma ga ƙwayoyin gado, watau DNA, waɗanda ke sāke kama kaɗan-kaɗan daga iyaye zuwa 'ya'ya. Gwargwadon bambancinsu, gwargwadon daɗewar rabuwa.

A 2003 Michael Sorenson na Jami'ar Boston da Payne da abokiyar aikinsu suka buga sakamako: mariƙan sun daɗe da rarrabuwa, amma 'yan riƙon kwanan nan suka rabu, har gadonsu bai gama bambanta ba. Abin da ke faruwa shi ne, mace takan yi ɓatan kai ta saka ƙwai a sheƙar wani jinsi. 'Ya'yanta maza su tashi da sabon kuka, matan kuwa ba su kula kowa sai mai wannan kuka. Shi ke nan zuri'a ta ɓalle.

A dajin Amurum da ke Laminga, gabas da Jos, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis take, ana ganin su biyun. A wajen dajin kuwa masu fasa dutse da masu saran itace suna cin mazaunin baiwar Allah, alhali ɗan baƙin Jos ba a san shi da wani mariƙi ba sai ita.