Shin Mugun Cikin Gem Zai Iya Tuba?

Duk mai buga Mortal Kombat ya san Scorpion. Ya kashe Sub-Zero don ramuwar gayya, alhali Quan Chi ne ya hallaka masa iyali. A fitowar 2015, da gaskiya ta bayyana, ya yi sulhu da ƙanin wanda ya kashe. Wasu 'yan ajinmu na cewa mai hali ba ya fasa halinsa. Mu ba mu yarda ba.

A Islamiyya mun karanta labarin Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu. Da ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓe shi, amma ya nemi ya riƙa ɓoye masa fuskarsa. Ke nan ƙofar tuba a buɗe take, sai dai ciwon wanda aka cuta ba ya warkewa nan take.

Haka ma a nan makarantarmu. Siniyan da ya saba ƙwace wa ƙanana kuɗin tara, in ya daina, mu daina kiransa mugu. Amma ya fara mayar da abin da ya karɓa, ya nemi gafara, kuma kada ya yi fushi in yaran suka daɗe suna tsoronsa.