Kafin a kira Turawa su buga golf a Dutse

Ranar kasuwar Sara da ta wuce, a teburin mai shayi, wani ƙanena ɗan boko ya taso da shawara da zafinta. Me ya hana gwamnati ta shirya babbar gasar golf ta ƙwararru a Dutse, a gayyato Turawa, duniya ta san da zaman Jigawa? Ai fili muna da shi, in ji shi. Mai shayin ya ce, "Wai wasan nan da manya ke bin ƙwallo kamar ƙwan zabo da sanda, yaro na biye da jaka?" Aka ce shi ne. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma kan suyar ƙwansa.

Fili kam akwai shi. Marigayi Sarkin Dutse, Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023, shi ya gina shi ya ƙawata shi da itatuwa, kuma mu mutanen Gwaram da Birnin Kudu masarautarmu ce, abin tinƙahonmu ne. Gasar ce ban yarda da ita ba, don ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana irinta.

A 1969 aka fara gasar Nigerian Open, wadda ta yi suna a kulob ɗin Ikoyi da ke Legas. A wancan zamani, idan hunturu ya rufe filayen Turai, sai 'yan wasan Birtaniya su gangaro Afirka neman na cefane, su zaga Nijeriya da Kenya da Zambiya. Sandy Lyle ya cinye ta a 1978, tun yana sabon shiga. A 1981 wani Bature, Peter Tupling, ya gama ramuka 72 da bugu 255 kacal, abin da ba a taɓa gani ba a duniya kafin ranar. Kuma ba a kan ciyawa yake gangara ƙwallon cikin rami ba, a kan yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai, irin wanda tsofaffin 'yan wasan Kano da Zariya suka sani, wanda sai an share an daidaita kafin kowane bugu. Vijay Singh, mutumin Fiji, ya ɗauke kofin a 1988 da 1989, ya tafi abinsa, a 2004 ya zama na ɗaya a duniya.

A 1990 Turawa suka sanya gasar cikin jadawalin Challenge Tour, rukuninsu na biyu. Shekara huɗu kawai aka yi, daga 1993 suka naɗe tabarmarsu. A ganina dalilin a fili yake. Naira ta fara rugujewa tun tsarin SAP na 1986, baƙo kuwa da kuɗin waje yake lissafi. Dubai ta buɗe tata gasar a 1989 da aljihu mai nauyi. Ga rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993. Baƙon da kuɗi ya kawo, kuɗi ke mayar da shi.

Idan Legas, da bankunanta da kamfanonin mai, ta kasa riƙe su, da me Dutse za ta riƙe su? Gwamna ɗaya zai yi sau biyu, a ɗauki hotuna, magajinsa ya ce ba ya cikin kasafi.

Da za a ji tawa, kuɗin gasar kwana huɗun nan a sa su a ban ruwan itatuwan Sarki, a sayo sanduna a bai wa yaran da ke ɗaukar jaka, domin yawancin ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan daga ɗaukar jaka suka taso. A riƙa ƙaramar gasa tsakanin Dutse da Kano da Kaduna da Jos, wadda kuɗin motar haya ya isa a yi ta kowace shekara.

Ƙanen nawa bai gamsu ba, ya ce tunanina na ƙauye ne. Mai shayin ya ɗago kai ya tambaya nawa ake biyan yaron mai jaka a yini, yana da ɗa da ya gama sakandare yana zaune.