Korar Ma'aikaci Saboda Laifin Ɗan'uwansa

Bayan haka, akwai wata al'ada da ta daɗe a kasuwanni da ma'aikatu, wadda yanzu shari'ar ƙasa ta soma juya mata baya. Ita ce a sallami mutum daga aikinsa alhali bai yi kome ba, sai don wansa ya gudu da kuɗin kamfani, ko ƙanensa ya shiga hannun 'yan sanda, ko matarsa ta kai maigidan ƙara. In an tambayi ubangidan dalili, sai ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi kuwa ma'aikaci ba shi da ta cewa, gama hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A da, bisa ga shari'ar da Nijeriya ta gada wurin Ingilishi, ubangida ba ya bukatar ko wannan karin maganar. In dai ya ba da notis, ko ya biya kuɗin kwanakinsa, to, ya fita, alƙali ba ya tona abin da ke zuciyarsa. Haka Kotun Ƙoli ta yanke a 1993, cikin shari'ar wani ma'aikaci da kamfanin Shell. Dokar Ƙwadago ta 1974 kuma ta ƙayyade notis ɗin: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai biyar ba, wata ɗaya ga mai shekara biyar zuwa sama. Watau mutum ya shekara goma sha biyar yana riƙon mabuɗin sito, albashin wata guda ya isa raba shi da wurin.

Abin ya sake da gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki a 2010. Sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ta ke da mazauni har a Kano da Kaduna, ikon duba zalunci cikin sha'anin aiki, da auna shi da abin da ƙasashen duniya suka yarda da shi. Ma'aunin da ta ɗauko shi ne Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, wadda ta hana kora sai da hujja mai ƙarfi, ko dai game da iyawar ma'aikacin, ko halinsa, ko bukatar ma'aikatar kanta. Laifin ɗan'uwa bai shiga ko ɗaya cikin ukun nan ba. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar a 1985, Kamaru a 1988. Nijeriya ba ta tabbatar ba, amma duk da haka kotun tana aiki da ita, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta goyi bayan ikonta na yin haka a 2020. Sai dai fa galibi diyya a ke samu. Mayar da mutum kan kujerarsa ya fi shafar ma'aikatan hukuma waɗanda doka ta tsara aikinsu.

Ga malamai wannan ba baƙon abu ba ne. Cikin ƙissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da aka sami ma'aunin sarki cikin kayan ƙanensa, 'yan'uwa suka roƙi a riƙe ɗayansu a maimakonsa, ya ƙi. Mai jayayya ya iya kawo zancen aƙila, ya ce ai dangi su kan biya diyya saboda abin da nasu ya aikata. Gaskiya ne, amma wannan cikin kisan kuskure ne, taimako ne ga wanda ƙaddara ta faɗa wa. Aƙila ba ta ɗaukar ganganci, ba ta ɗaukar ɓarnar dukiya. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ma ta hana a kama mutum a madadin wanda a ke nema. To, abin da aka hana ɗan sanda, yaya zai halatta ga mai kanti?

Inda maganar ta ke da nauyi ga 'yan kasuwa shi ne lamuni. Sau da yawa wa ne ya ke kawo ƙanensa, ya ce ya tsaya masa. In ƙanen ya ci amana, maigida yana da abin nema wurin wan, amma bakinsa ne ya ɗaure shi, ba jini ba. Abin da ke kansa bashi ne mai iyaka, kuma a Risala ba a bin mai lamuni sai mai bashin ya rasa abin biya ko ya ɓace. Biya daban, kora daban. Haka nan in an tabbatar ya haɗa baki da ɓarawon, ko ya sani ya rufe, laifin ya zama nasa. Sai a tuhume shi a rubuce, a ji ta bakinsa, kana a yanke. Mai dukiya da zuciyarsa ba ta kwanta ba ya iya janye shi daga wurin kuɗi har bincike ya ƙare, albashinsa na tafiya.

Yaron shago wanda ba shi da takarda shi ya fi shan wuya, don hujja ta kan yi masa wuyar kawowa. Doka ta wajabta wa ubangida ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku ya wuce. Ta kuma hana yanke albashi don cike asara, sai asarar da ma'aikacin da kansa ya jawo bisa ganganci ko sakaci, wannan ma sai da yardar jami'in ƙwadago.