Sanda Nawa Ke Isar Mai Wasan Golf?

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin hutawa na kulob ɗin golf ya san allon nan da ke kusa da ƙofa. A nan a kan manna labarin membobi: sunayen sababbin shiga, da wanda ya ci gasar wata, da wanda aka rage masa rangwame domin hannunsa ya faɗa, sa'an nan da takardar da ba mai son ganin sunansa a ciki, watau ta waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba. Mu dai sunayen sababbin shiga ne suka fi jan hankalinmu, gama yanzu muna ganin mutanenmu a ciki. Akwai malaman makaranta da suka yi ritaya, da ma'aikatan asibiti, da tsofaffin soja, har da mata. Da yawa cikinsu likita ne ya ce su riƙa tafiya da ƙafa saboda hawan jini ko ciwon sukari. Zagaya rami 18 kuwa tafiya ce ta mil huɗu zuwa biyar, wani lokaci ma fiye.

Wasan nan, da waɗansu ke kira ƙwallon lambu, ya daɗe a ƙasarmu. An kafa kulob ɗin Rayfield a Jos tun 1913, zamanin Turawan kuza, na Kaduna kuma a 1921. A wancan lokaci rabon mutanenmu shi ne ɗaukar jaka da neman ƙwallo cikin ciyawa. Yau jikan mai ɗaukar jaka ya zama memba, wannan abin murna ne. Amma akwai wata damuwa da ta kan biyo sabon memba har gida, ita ce muke so mu yi magana a kanta wannan wata.

Da zarar suna ya hau allo, sai masu ba da shawara su yi yawa. Wannan ya ce sai ka sayi cikakkiyar jaka, wancan ya ce irin sandar da gwanayen talabijin ke riƙewa ita ce sanda. Kayan nan kuwa duk daga waje a ke kawo su, da dala a ke sa musu kuɗi. Sabuwar babbar sanda guda ɗaya ta manyan kamfanoni ta kan kai dala 500 ko fiye a kantunan Amurka, tun ba a yi zancen kuɗin jirgi da na kwastan ba. Mutumin da ya karɓi kuɗin sallamarsa bayan aikin shekara 35 yana iya zuba rabo mai tsoka a jaka ɗaya cikin yini ɗaya, alhali kuɗin makarantar auta na nan tafe. Uwargida ta ga jaka ta shigo gida, ta yi shiru, amma kowa ya san irin wannan shiru.

To, bari mu fara da doka. Dokar wasan ta ce kada ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14. Ba ta ce dole ya cika 14 ba. An yi dokar ne domin a taka wa masu zari birki. Wani Ba'amurke, Lawson Little, wanda ya ci manyan gasa na 'yan sha'awa a Amurka da Birtaniya a 1934, ya kuma maimaita a 1935, ya kan zo fili da sanda fiye da 20, yaron jaka yana nishi a bayansa. Hukumar wasan ta Amurka ta sa iyaka a 1938, ta Birtaniya ta bi a 1939. Wanda ya wuce iyaka a kan ƙara masa bugu biyu a kowane ramin da ya yi laifin, har zuwa bugu huɗu. A 2001, ranar ƙarshe ta babbar gasar Birtaniya, Ian Woosnam yana cikin na gaba-gaba, sai a bakin rami na biyu mai ɗaukar masa jaka ya gane sanda 15 ke ciki. Aka ci shi bugu biyu nan take, kofi kuma ya tafi hannun wani.

A ɗaya gefen kuma ga Chick Evans, wanda shi ma da ɗaukar jaka ya fara. Ya ci babbar gasar Amurka a 1916 da sanda bakwai tak masu ƙotar itace, da bugu 286, aka yi shekara 20 ba a karya wannan adadi ba. Seve Ballesteros na ƙasar Sifen ya koyi wasa yana yaro a bakin teku a ƙauyensu Pedreña da sandar ƙarfe guda, mai lamba 3, daga baya ya ci manyan gasa na duniya har biyar.

Me ya sa sanduna suka yi yawa haka tun farko? Bambancinsu yana ga tsawon ƙota da kwanciyar fuska. Sandar da fuskarta ke tsaye ta kan kori ƙwallo nesa, ƙasa-ƙasa. Wadda fuskarta ta kwanta ta kan ɗaga ta sama, ta sauko kusa. Tsakanin sandar ƙarfe mai lamba 6 da mai lamba 7 bambancin kwanciya digiri uku ne ko huɗu, watau kamar yadi 10 a hannun wanda ya ƙware. Sabon shiga fa? Yau ya bugi ƙasa kafin ƙwallo, gobe ya shafi kanta ta gangara kamar ƙadangare. Bugunsa biyu da sanda ɗaya su kan bambanta da yadi 30. Irin wannan mutum ba zai taɓa jin bambancin 6 da 7 ba, don haka sayen dukansu biyu sayen nauyi ne kawai.

Shawararmu ga wanda ke shekararsa ta fari ita ce rabin jaka. Ya nemi sanda ɗaya mai babban kai, lamba 3 ko 5, ta bugun farko, da 'yar ruwa-biyu guda, watau wadda ke tsakanin mai babban kai da ta ƙarfe. Ya ƙara da na ƙarfe lamba 7 da 9, ko 6 da 8, da weji guda na ɗaga ƙwallo kusa da tuta, sa'an nan fota ta gangarawa cikin rami. Shida ke nan. Babbar sandar nan da a ke kira direba, wadda ta fi kowace tsada da ɗaukar ido, ita ce ta fi wuyar sarrafawa, gama ƙotarta ta kai inci 45, fuskarta kuma kusan a tsaye, digiri 9 zuwa 12. Ta jira tukuna. Haka kuma na ƙarfe lamba 3 da 4, ko gwanaye da yawa sun ajiye su sun koma ruwa-biyu. Cikin na ƙarfe a zaɓi masu kwarmi a baya, domin nauyinsu yana zagaye da gefen kai, ko bugu ya ɗan kauce wa tsakiya ƙwallo za ta tafi. Siraran nan masu sulɓin baya suna da kyaun gani, amma ba sa yafe kuskure.

Zancen ƙota ne muke so mu fi daɗewa a kai, domin a nan girman kai ya kan shiga. Manomi ba ya sayen fartanya sai ya riƙa ta, ya sunkuya, ya ji ko ƙotar ta yi daidai da tsawonsa da ƙarfin kafaɗarsa. Ba ya cewa a ba shi irin ta sarkin noma. Ƙotar sandar golf tana lanƙwasa lokacin bugu, ta dawo ta watsa ƙwallo, kuma a kan rubuta ƙarfinta da harafi: L mafi laushi, sai A ta dattawa, R ta yawancin maza, S mai tauri, X mai tauri ƙwarai. Gwanayen da muke gani a talabijin kan sandarsu ya kan yi gudun fiye da mil 110 a awa, shi ya sa suke bukatar mai tauri. Yawancin masu wasa ba su kai mil 100 ba, dattijo mai shekara 60 kuwa ya yi ƙasa da haka sosai. In ya riƙi S domin kada a ce ya tsufa, ƙotar ba za ta lanƙwasa masa ba, ƙwallo za ta tashi ƙasa-ƙasa, ta kan kuma karkata dama. Sai ya ƙara ƙarfi, sai bayan ya amsa. Mutumin da likita ya aiko fili domin lafiya ya koma wurin likita da ciwon kugu. Harafin nan ƙarami ne, ba mai ganinsa sai wanda ya sa ido.

Mata su nemi masu sauƙin nauyi, amma doguwar mace mai ƙarfi tana iya riƙe ta maza, ba laifi. Bahago yana da nasa sanduna dabam, kuma sun fi wuyar samu a nan, sai ya yi tambaya tun kafin ya biya kuɗin shiga. Yara kuma, a kan yanke musu sandar manya. In ba hali, ba komai, amma a sani yanke ƙota ya kan ƙara mata tauri, kan kuma yana nan da nauyinsa.

Sai ƙasar da za a yi wasan a kanta. Masu ƙera kayan nan da lallausar ciyawar Turai da Amurka suke tunani. Filayenmu kuwa daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasa ta kan bushe ta yi tauri kamar daɓe. Akwai weji na yashi, irin wanda Gene Sarazen ya shahara da shi a 1932, mai faɗin gindi domin kada ya nutse cikin kwarin yashi. A kan busasshiyar ƙasa wannan faɗin gindi shi ne illarsa: ya kan yi tsalle, bakinsa ya sari tsakiyar ƙwallo, ta wuce tuta ta faɗa daji. Da rani gara weji mai siririn gindi, ko ma a ɗauki lamba 7 a gangara ƙwallo a ƙasa, yadda tsofaffin hannu ke yi. A Jos kuma, inda tudu ya kai mita 1,200, iska ba ta da kauri, ƙwallo ta kan ɗan ƙara nisa. Wanda ya saba da can, in ya sauka Kaduna ko Abuja sai ya sake lissafi.

Filayenmu da yawa a da, waɗansu har yanzu, ba su da ciyawa a kewayen rami, sai yashi da aka gauraya da mai aka baje. Kada wani ya raina wannan. A kan irinsa ne a Ikoyi ta Legas Peter Tupling ya yi bugu 255 a rami 72 a gasar Nijeriya ta 1981, adadin da ya shiga littattafan tarihin wasan. Sandy Lyle ya ci wannan gasa a 1978, Vijay Singh a 1988, dukansu kafin duniya ta san su. A kan yashi ƙwallo ba ta gudu kamar a kan ciyawa, saboda haka fota mai ɗan nauyi ta fi daɗin hannu.

Ƙwallo kanta, a sayi mai taurin fata mai araha. Masu tsadar nan lallausar fata gare su, tsakuwa na taɓa su sai su kurje, sabon shiga kuma ya kan ɓatar da uku ko huɗu kafin ya gama zagaye. Yaran fili su kan tsinto waɗanda suka ɓata su wanke su sayar, sun isa koyo.

Kayan gwanjo ba abin kunya ba ne. Sandar ƙarfe ta kan yi shekaru da yawa ba ta canza ba. Mai saye ya duba wuyanta, inda ƙota ta shiga kai, ya murɗa ya ji ko tana motsi. Ya duba tsatsa da lanƙwasa a ƙota, da tsagogin fuska ko sun shafe. Robar mariƙi in ta yi santsi ko ta tsage a kan canza ta da kuɗi kaɗan. Akwai jabu da yawa masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, saboda haka in aka ce sabuwa ce fil amma kuɗinta rabi, a yi hattara. Kada kuma a bar jaka cikin but ɗin mota a rana, zafi ya kan lalata robar ya raunana gam ɗin wuya. Kafin a biya ko kwabo, a je wurin malamin wasa na kulob, ko wurin tsofaffin masu ɗaukar jaka. Sun ga hannun mutum ɗari, kallo uku ya ishe su su faɗa maka abin da ya dace da kai. A kuma ara a gwada tukuna, yawancin membobi ba sa hana aron sanda na yini ɗaya.

Maigida ya zauna da uwargida da takarda da biro kafin jaka ta shigo, ba bayan ta shigo ba. Kuɗin sanda sau ɗaya a ke biya, amma kuɗin shekara, da na mota, da na ƙwallo, da ladan yaron jaka, suna dawowa kullum. Wannan na ƙarshen kada a taɓa shi. Ba shi da kyau mutum ya riƙe sandar dala 500 sa'an nan ya tsaya ciniki da yaron da ya yi awa huɗu a rana da kaya a kafaɗa, wanda wataƙila da kuɗin zai biya jarrabawa.

Game da rangwamen da muka ambata a farko, shi ne adadin bugun da a ke cire wa mai rauni domin ya iya karawa da gwani. Tun 2020 duniya ta koma tsari guda, mafi yawansa 54, kuma da sakamakon rami 54, watau zagaye uku, a ke fara ba mutum nasa. Sabon memba ya riƙa ajiye katinsa, a bayan kowane kati ya rubuta inda ya tsaya ya ji cewa ba shi da sandar da ta dace. In shekara ta zagayo ya tara katunan ya duba. In wuri ɗaya ne ke ta dawowa, alal misali tazarar yadi 160 da ruwa-biyu ke wucewa lamba 7 kuma ba ta kaiwa, to, sandar da zai ƙara ke nan, guda ɗaya.