Tsofaffin Jiragen Fito: An Ci Lada, An Guje Wa Aski

Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma ga dukkan alamu wannan magana ba ta kai kunnen masu jiragen fito na ƙasashen da suka ci gaba ba, domin kuwa sun gwanance wajen cin ladan, in lokacin aski ya zo sai su nemo wani talaka a can bayan duniya su danƙa masa askar.

Jirgin fito, watau jirgin ruwan da ke ƙetarar da mutane da motoci daga wannan gaɓa zuwa waccan, shi ma tsufa yake yi. Wani yakan shekara 40, wani 50, wani ma ya haura 60 yana kai da kawowa, ana karɓar kuɗin fito safe da yamma. Ran da tsatsa ta ci ƙarfinsa, injiniyoyi suka ce ɗawainiyar gyaransa ta fi amfaninsa, sai a ɗaure shi a wata kwata a juya masa baya. To, daga nan ne labarin da ba a son faɗa yake somawa.

A duba Jihar Washinton da ke arewa maso yammacin Amurka. Hukumar jiragen fito ta wannan jiha, wadda ta fara aiki a 1951, ita ce mafi girma a duk ƙasar, kuma jiragenta ne ke haɗa birnin Siyatil da tsibirai da garuruwan da ke mashigin ruwan Puget. Ba talauci ke damunta ba, ba kuma rashin masana ba. Duk da haka jirginta mai suna Klahowya, wanda aka ƙera a 1958, ya yi murabus a 2017, Elwha kuma da aka ƙera a 1967 ya bi sahu a 2020, aka ɗaure su a wurin gyaran jirage na hukumar da ke tsibirin Bainbridge, shekara na bin shekara suna tare wa jirage masu aiki wuri, ana biyan ma'aikata suna ta matsar da su daga nan zuwa can. A 2024 sai aka yi shelar cewa an sami mai saye, wani ɗan kasuwa da zai ja su zuwa ƙasar Ekwado a farfasa su a narkar da ƙarfen, kowanne a kan dala 100,000. Jirgin da ke ɗaukar mota 144 a tashi ɗaya, an sayar da shi a kuɗin da bai isa sayen gida a Siyatil ba!

A watan Agusta na wannan shekara aka ɗaura su a jirgin janwe, tafiyar da za ta ratsa tekun Fasifik tun daga arewa har tsakiyar duniya. Ko mashigin Puget ba su fita ba kayan janwen suka ba da matsala, aka komo da su inda aka ɗauko su. Ma'aikatan jirgin janwen, mutum huɗu 'yan Kudancin Amurka, jami'an shige da fice suka tsare su, daga baya aka tasa ƙeyarsu zuwa ƙasashensu, labarin irin ƙuncin da suka zauna ciki a jirgin kuma ya fito a jaridu. Aka soke cinikin. Hukuma ta riƙe kuɗinta da jiragenta. Waɗanda suka kwana ciki su ne waɗannan bayin Allah huɗu da suka baro gida neman abin kai wa baki.

Hukumar ta ce an tabbatar babu sauran guba a jikin jiragen, kuma masana'antar da za ta narkar da su mai tsabta ce. Madalla. To in haka ne, me ya hana a farfasa su a gida? Ai an taɓa yi. Shahararren jirgin nan Kalakala, wanda ya yi fito daga 1935 zuwa 1967, sa'an nan ya koma masana'antar sarrafa kifi a Alaska, ya dawo ya yi ta ragaita daga kwata zuwa kwata, a birnin Takoma na jihar aka yanka shi a 2015. Amsar ba ɓoyayya ba ce. Inda lebura ke da albashi na ƙwarai, da inshora, da dokar da ta hana zubar da baƙin mai a ruwa, kuɗin farfasa jirgi yakan fi kuɗin ƙarfensa. Shi ya sa tun kafin nan, jirage huɗu 'yan 1927 da aka dakatar a 2007 saboda ruɓewar gangar jikinsu, sai da aka ja su zuwa Ensenada ta ƙasar Meziko a 2009.

Wannan duk mai sauƙi ne in aka gwada shi da abin da ya faru da Skagit. An ƙera Skagit da ɗan'uwansa Kalama a 1989, ƙananan jirage ne na fasinja zalla, aikinsu kai mutane tsakanin Siyatil da tsibirin Vashon, cikin ruwan da tuddai suka kare daga haukan teku. An sallame su a 2009, aka yi ta neman mai saye, har a 2011 aka sayar da su biyun a kan dala 400,000 ta hannun dillali, suka ɓulla a Tanzaniya suna jigila tsakanin Darussalam da Zanzibar. Ranar 18 ga Yuli, 2012, Skagit ya taso daga Darussalam da mutum wajen 290 bisa lissafin farko, iska ta taso, igiyar ruwa ta kifar da shi dab da Zanzibar. Fiye da mutum 100 suka halaka, wasu ko gawarsu ba a gani ba. Abin takaici, wata goma kacal kafin wannan, a Satumba ta 2011, wani tsohon jirgin da aka ƙera a Girka tun 1967, Spice Islander, ya nitse a kan hanyarsa ta zuwa tsibirin Pemba, aka tsamo gawa wajen 200, rahoton binciken gwamnati kuma ya ce waɗanda suka ɓace sun haura 1,000.

Masu kare masu sayarwa za su ce laifin na Zanzibar ne. Wa ya ce a yi lodi fiye da ƙima? Wa ya ba jirgi izinin tashi iska na kaɗawa? Gaskiya ne, kuma ba wanda zai wanke jami'an da suka sa hannu a takardu, ministan da ke kula da sufuri a can ma murabus ya yi. Amma fa wanda ya sayar wa makaho rijiya marar murfi ba zai ce shi dai ciniki ya yi ba. Mai jirgi ya fi kowa sanin ruwan da aka ƙera jirginsa dominsa. In ya karɓi kuɗi ya miƙa wa dillali ba tare da sharaɗin inda za a kai shi da aikin da za a sa shi ba, to ya zaɓi kada ya sani ne, kuma zaɓen rashin sani shi ma zaɓe ne.

Mai karatu da ya baro Katsina ko Sakkwato ko Gombe yana neman halaliyarsa a Ikko ko Fatakwal zai fi kowa jin zafin labarin Al-Salam Boccaccio 98. An ƙera shi a Italiya a 1970, ya yi wa Italiyawa fito har ya gaji, aka ƙara masa benaye a bisa domin ya ɗauki ƙarin mutane, daga bisani aka sayar wa wani kamfanin Masar, yana yawo da tutar Panama. Ranar 2 ga Fabrairu, 2006, ya taso daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga, wuta ta tashi a inda ake ajiye motoci, ruwan da aka yi ta kwarara don kashe ta ya taru ya karkatar da shi, ya nitse a Bahar Maliya da mutum fiye da 1,000. Akasarinsu 'yan ci-rani ne Misirawa masu komawa gida da ɗan guzirin da suka tara, da wasu alhazai.

Jirgin da ya tsallake wannan ƙaddara kuwa, ƙarshensa mahauta. Manyan mahautan jirage na duniya su ne Alang a jihar Gujarat ta Indiya, wadda ta soma aiki a 1983, da gaɓar Citagon a Bangaladash, da Gadani a Pakistan, sai Aliaga a Turkiyya. A ukun farko, yadda aka saba yi shi ne a jira teku ta cika, a tuƙo jirgi da ƙarfi ya kafe a tabo, in ruwa ya janye sai leburori su hau shi da wutar yankan ƙarfe su yi ta ɓantara. Cikin tsohon jirgi akwai asbesto mai lalata huhu, wanda cutarsa ba ta bayyana sai bayan shekaru, akwai fenti mai dalma, da ragowar mai da ke tara iska mai kama wuta. Ranar 1 ga Nuwamba, 2016, wani tsohon jirgin dakon mai ya yi bindiga a Gadani ana cikin yankansa, mutum fiye da 25 suka mutu. Su wane ne leburorin? A Alang yawancinsu daga Bihar da Uttar Pradesh da Odisha suke zuwa, a Citagon kuma daga matalautan gundumomin arewacin ƙasar. 'Yan ci-rani ne, irin ɗan gwangwan ɗin da ke tura kura a Agege yana sayen ruɓaɓɓen ƙarfe.

Ba a musun cewa sana'ar tana ciyar da dubban gidaje, ƙarfen kuma yana komawa rodi a yi gini da shi. Narkar da tsohon ƙarfe abu ne mai kyau, ya fi a bar shi yana ruɓewa a ruwa. Abin tambaya shi ne me ya sa mahautan da ke kan tabo suka fi na Turai tayi mai tsoka a kan kowane tan. Ƙarfen dai ɗaya ne. Bambancin kuɗin shi ne kwalkwalin da ba a saya ba, da asibitin da ba a gina ba, da diyyar da ba a biya ba, kuma wannan rarar aljihun mai jirgi take shiga. Hanyar ma sananniya ce: a sayar wa dillali mai biya nan take, ya sake wa jirgi suna, ya yi masa hayar tutar wata 'yar ƙasa irin Komoros ko Palau don tafiyar ƙarshe, shi ke nan mai asali ya wanke hannunsa.

Dokoki kam akwai su jibge. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta sa ƙa'ida kan kai shara mai guba daga ƙasa zuwa ƙasa, amma Amurka ta sa hannu ba ta zartar ba. Ƙasashen Afirka suka yi tasu a Bamako a 1991. Yarjejeniyar Hong Kong kan farfasa jirage, an amince da ita a 2009, ba ta soma aiki ba sai 26 ga Yuni, 2025, watau shekara 16 ana jan ƙafa, kuma ko da ta soma ba ta haramta yanka jirgi a bakin gaɓa ba.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan ciniki. A 1988 aka gano dubban gangunan guba daga Italiya jibge a wani fili a garin Koko, cikin Jihar Bendel ta wancan lokaci, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Gwamnatin Tarayya ta nuna fushi, ta kira jakadanta gida, aka tilasta kwashe sharar, a shekarar kuma aka kafa dokar hana shigo da shara mai guba da hukumar kare muhalli ta tarayya. An yi abin kirki a ranar. Amma ganga ana ganinta a ce guba ce, tsohon jirgi kuwa in an shafa masa sabon fenti sai a tarye shi da kiɗa a ce ci gaba ya zo. Wanda duk ya shiga kwalekwale a rafukan Ikko ya ga gawarwakin jirage kwance cikin ruwa, rabi a nitse, suna jiran wanda zai yi karo da su da dare, har sai da hukumar NIMASA ta ƙaddamar da aikin kwashe su a rafin Badagiri a 2021. Kowanne daga cikinsu yana da mai shi a da, wanda ya ci ribarsa ya yi gaba, ya bar wa baitulmali kuɗin jana'iza.

Saboda haka abin da ya kamata a tilasta a fili yake. Duk mai jirgi, gwamnati ce ko kamfani, a sa shi ya riƙa ware wani abu daga kuɗin fito tun jirgin yana sabo, domin ranar farfasa shi. Jirgin da aka ƙera don kwantaccen ruwa kada a yarda a sayar da shi sai da sharaɗi rubutacce, kada kuma NIMASA ko hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa da ke Lakwaja su yi rajistar tsohon jirgin fasinja sai an shimfiɗa takardunsa: yaushe aka ƙera shi, don wane ruwa, mutum nawa, me ya sa masu shi na farko suka rabu da shi. 'Yan gwangwan kuma da ke sayen ƙarfen jirgi suna yanka shi da hannu, ƙungiyoyinsu su nemi a keɓe musu wuri mai daɓe da kayan kariya, su daina taɓa farin abin nan mai kama da auduga da ke naɗe a bututun injin, domin sau da yawa asbesto ne.

Masu cewa ba yadda za a yi da tsohon jirgi sai an tura shi ƙetare, su koma su dubi Elwha. Bayan cinikin Ekwado ya rushe, a farkon 2025 wani kamfanin gyaran jirage da ke garin Everett, cikin jihar ta Washinton, ya saye shi domin ya mai da shi ofis da ɗakin ajiya a bisa ruwa. Kuɗin da ya biya dala 100,000 ne, daidai abin da ɗan kasuwar Ekwado ya taya, tafiyar kuma ba ta fita daga mashigin Puget ba.